Kafin mu kai waken soya fadama, mu tona mu dubi saiwarsa



Duk wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Matamaye ta nufi Daura, in ya iso Ɗan Barto, bakin iyakarmu da Najeriya, ba zai rasa ganin mata da ƴan mata zaune gaban kasko suna tuyar awara ba. Haka abin yake a tasha, da kasuwa, da ƙofar lakwal. Awara ta zama cimakar yau da kullum. Ɗan makaranta ya karya kumallo da ita, matafiyi ya yi guzurinta, uwar gida kuma ta samu kuɗin sabulu da na cefane. Amma in ka tambayi mai tuyar daga ina waken ya fito, za ta nuna maka kudu da hannu. Akasarin waken soyan da muke ci manoman Najeriya ne suka noma shi, a jihohi irin su Binuwai da Kaduna da Kano. A shekara ta 2019, da kuma ta 2023, an rufe iyakar nan wata da watanni, kowa kuwa ya ga yadda abin da ake sayowa waje yake yin wuya ranar da ƙofa ta rufe.

Saboda haka, manoman da ke son noma wannan wake a gida suna da gaskiya, kuma muna goyon bayansu. Ƙwayar waken soya tana ɗauke da abinci mai gina jiki wajen kashi 40 cikin 100, da mai wajen kashi 20 cikin 100. Wakenmu na gida bai kai shi ba a wannan fanni. Sai dai akwai gargaɗi guda da ya kamata manoma da magabata su ji tun ba a raba iri ba.

Waken soya yana bukatar ruwa tsakanin milimita 450 zuwa 700 daga shuka har girbi. A gundumar Kance, damana mai kyau takan ba da milimita 500 zuwa 600, jigawa kuwa ba ta riƙe ruwa. Don haka hankalin manomi zai koma kwarin Ƙorama, inda ake noman rake da rogo da dankali da albasa da tumatir, inda laima ba ta yankewa. Tun bayan farin 1984, da aka yi kiran jama'a zuwa noman rani, fadamun nan suke ciyar da gidaje masu yawa. To amma a can ne kanwa da gishiri suke kwance. Abin da suke fara kashewa a jikin waken soya kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, inda idon mai gona ba ya kaiwa.

Abin da ke cikin saiwa

Ka tona tushen wake ko na gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, lokacin da ya fara fure, ka wanke saiwar a ƙwarya. Za ka ga waɗansu ƴan ƙulle-ƙulle manne da ita, kamar ƙwayar dawa. Da yawa cikinmu sun ɗauka ciwo ne, alhali kuwa nan ne arzikin shukar yake.

Cikin kowane ƙulli akwai ƙwayoyin halitta masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Masana suna kiransu rizobiyom. Aikinsu shi ne su ɗebo sinadarin azot daga iska su mai da shi abincin shuka. Azot shi ne abin da muke biyan kuɗi mu saya cikin buhun angiren ure. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata azot ne, amma hatsi da dawa da masara ba su da hanyar cin sa daga iska. Dangin wake ne Allah ya ba wannan baiwa, ta hanyar baƙin da suke saukarwa cikin saiwarsu. Masana biyu ƴan ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana haka a shekara ta 1886. Kakanninmu ba su san sunan ƙwayar ba, amma sun san amfaninta, shi ya sa suke haɗa wake da hatsi a gona guda. Gawon da ya cika gonakin Matamaye da Magarya da Mirya, shi ma ɗan wannan dangi ne.

Zaman baƙo da mai gida yana da ƙa'ida. Saiwa ce take fara aika saƙo cikin ƙasa, ƙwayar ta amsa. Sai siririn gashin saiwa ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya riƙe ta, ta bi ta cikinsa ta shiga, saiwar kuma ta gina mata ɗaki. Ɗakin nan shi ne ƙulli. Shuka tana ciyar da baƙuwar da sukarin da ganye ya sarrafa da hasken rana, ita kuma tana biyan haya da azot. Cikin ɗakin akwai wani jan sinadari, ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, mai daidaita iskar numfashi: in ta yi yawa aikin ya ɓaci, in ta yi kaɗan ƙwayar ta shaƙe. Saboda haka in ka tsaga ƙulli da farce ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. In fari ne, bai fara ba ko kuwa ya kasa. In ya yi kore ko baƙi, ya gama.

Ga lissafin amfaninsa. Kafin gona ta ba da tan guda na waken soya, shukar tana cin azot wajen kilo 80. A ƙasa mai lafiya, ƙulle-ƙullen saiwa sukan kawo rabin wannan ko fiye, wato kilo 40 zuwa sama. Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23. Ke nan a kowane tan na wake, saiwa tana ba manomi kyautar kusan buhu biyu na angire. Ƙasar Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken soya, kusan ba ta zuba masa angiren azot. Manomanta suna shafa wa iri waɗannan ƙwayoyi ne kafin shuka. A shekara ta 2025 aka ba wata masaniyar ƙasar, Mariangela Hungria, babbar kyautar duniya ta fannin abinci saboda aikinta a kan haka.

Yadda gishiri ke shiga garka

Ba wanda ke zuba gishiri a garkarsa da gangan, ruwa ne ke kawo shi. Kowane ruwan rijiya ko na tabki yana da ɗan gishiri narke a ciki, ko da harshe bai ji zartsi ba. Shuka ta sha nata, rana ta shanye saura, gishirin ya zauna. Mu yi misali da ruwan da ke da rabin giram na gishiri a kowace lita, wanda kowa zai sha ya ce garɗi gare shi. In an ba eka guda ruwa mita-kub 5,000 a rani guda, an zuba mata gishiri tan biyu da rabi. In damana ba ta wanke shi ya yi ƙasa ba, baɗi a ƙara wani a kai.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauri. A cikin kwari, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, wani wuri gaba guda ka tarar da shi. Da bazara ƙasa tana jawo shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya bushe a fuska, ya bar farin ɓawo. Duk wanda ya ratsa fadamun Ƙorama ko ya je Gidimuni da rani ya san wannan fari. Wani wurin kuma baƙin tabo ne mai maiƙo, alamar kanwa ta narkar da takin da ke cikin ƙasa.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Losa, bakin kogin Isa cikin jihar Tilaberi, masana sun daɗe suna binciken filayen ban ruwa da kanwa ta taurara. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa ƙasar da gishiri ya shafa a duniya ta kusa eka miliyan 1,400.

Yadda gishiri ke raba baƙo da mai gida

Ɓarnar farko ƙishirwa ce. Kowa ya san yadda gishiri ke tsotse ruwan nama in an barbaɗa masa. Haka yake riƙe ruwan ƙasa ya hana saiwa sha. Sai ka ga garka jiƙe sharkaf, shuka kuwa ta yi yaushi da tsakar rana.

Ta biyu tana aukuwa cikin makwannin farko, lokacin da ya kamata a ƙulla zumunci. Cikin ƙasa mai gishiri gashin saiwa yakan fito kaɗan, gajere, ba ya lanƙwashewa yadda ya kamata, saƙon da ke tsakaninsa da ƙwayar kuma ya yi rauni. Ƙwayar tana nan da ranta, shukar tana tsaye, amma ba su haɗu ba. Inda ya kamata a ga ƙulli da yawa sai a ga ɗai-ɗai, ko a rasa gaba ɗaya.

Ta uku tana samun ƙullin da ya riga ya ginu. Yakan tsumbure, iska ta kasa ratsa shi, jan da ke ciki ya koɗe, ya tsufa tun kafin wake ya cika kwanso, wato daidai lokacin da shuka ta fi bukatar azot. Ana cikin haka gishirin da ya hau cikin ganye ya ƙone bakinsa. Ganyen da ya ƙone ba ya yin sukari, baƙon da ba a ciyar ba kuwa ba ya biyan haya.

Kanwa ta ƙara nata a kan waɗannan. Tana toshe ƙofofin ƙasa, in ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Ruwa ba ya nutsewa, iska ba ta shiga, alhali azot ɗin da ƙulli ke ɗiba cikin iskar ƙasa yake. Tana kuma ɗaure sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa, wanda ganye da ƙulli duka suke bukata, sai sabon toho ya fito rawaya. Mata sun san kanwa ce ke sa wake ya nuna da wuri cikin tukunya. A gona kuwa, ita ce uwar gami tsakanin wake da abokin zamansa.

Masana suna auna gishirin ƙasa da wani ma'auni mai suna desisimens. Mu kira shi maki don sauƙi. Ƙasar da ta wuce maki 4 ana lissafa ta cikin masu gishiri. Bisa jadawalin FAO, albasa tana fara rage amfani daga maki 1.2, rake daga 1.7, gujiya daga 3.2, waken gida daga 4.9, waken soya daga 5. Wani zai ce ashe waken soya ya fi su juriya. To a duba abin da ke biyo baya. Da zarar an wuce maki 5, kowane maki guda yana cire kashi 20 cikin 100 na amfaninsa. A maki 7.5 rabi ya tafi, a maki 10 babu abin girbi. Rake kuwa wajen kashi 6 kawai yake rasawa a kowane maki. Shi ya sa ganin rake tsaye a fadama ba shaida ba ce cewa waken soya zai yi a wurin. Bugu da ƙari, wannan jadawali yana maganar abin da aka girbe ne. Ƙullin saiwa ya fi shukar saurin jin gishiri, yakan daina aiki tun ganye yana kore.

Masu cewa a zuba angire

Akwai masu cewa abin ba wuya: in ganye ya yi rawaya, a zuba ure. Gaskiya ne ganyen yakan farfaɗo na ɗan lokaci. Amma ure ba ta cire gishiri ko cokali guda daga ƙasa, angiren zamani kuwa in ya yi yawa shi kansa yana ƙara wa ƙasa zartsi. Sa'an nan shukar da ta samu azot a sauƙaƙe takan daina gina ƙulli. Manomi ya sayi abin da ya kamata ya samu kyauta, ya rage ribarsa, kuma bai bar wa hatsin baɗi komai cikin ƙasa ba. In haka ne, mene ne amfanin shuka ɗan dangin wake?

Akwai kuma masu cewa kanwa arziki ce, ana kwasarta a sayar, dabbobi suna lasa, ana kunu da ita. Wannan ma gaskiya ne, ba mu ce a yi gaba da kanwa ba. Cewa muka yi kowace ƙasa a ba ta abin da take iyawa. Inda kanwa ta yi ƙarfi a bar wa masu kwasa da makiyaya, ko a dasa dabino, wanda ya fi yawancin shuke-shukenmu jure zartsi.

Abin da manomi zai yi

Na ɗaya, zaɓen wuri. Kada a shuka waken soya inda aka ga farin ɓawo ko baƙin tabo da rani, ko inda ruwan rijiya yake da zartsi. Gefen fadama ya fi tsakiyarta, wurin da ƙasa ke riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya. A yi shukar da damana, bayan manyan ruwan farko sun wanke gishirin fuska, da iri mai saurin nuna.

Na biyu, ban ruwa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana tara gishiri daidai inda saiwa take. Gara lokaci-lokaci a ba ƙasa ruwa ta ƙoshi har ya zarce saiwa. Amma wannan ba ya yiwuwa sai da magudana. Inda ruwan ƙasa yake kusa, in ba a haƙa masa hanyar fita ba, yawan ban ruwa ɗago shi yake yi. Magudana kuwa aikin gayya ce, don ruwan garkar wani ta garkar wani yake bi. In an yi kunya ana sako ruwa ta tsakani, a shuka a gefen kunyar, domin a ƙololuwarta gishiri ke taruwa.

Na uku, a rufe ƙasa da kara ko ganyen rake ko ɓuntu, don rana ta rage shan ruwanta. A yawaita takin gida wanda ya ruɓe sosai, shi ke buɗe ƙasar da ta toshe. Toka kuwa ƴar uwar kanwa ce, kada a zuba ta a irin wannan wuri.

Na huɗu, iri da abin shafa masa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka girka a 1967, ta fitar da ire-iren waken soya masu suna da ke farawa da TGx, waɗanda ke karɓar ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu ta Afirka, irin na waken gida. Akwai kuma garin ƙwayoyin da ake sayarwa cikin ƙunshi don shafa wa iri. Abu ne mai rai, zafi da rana suna kashe shi. A ajiye shi wuri mai sanyi, a shafa a inuwa, a shuka ranar. A tuna kuma ƙulli yana son angiren fosfat, wanda ƙasarmu take da ƙarancinsa.

Na biyar, shi ne babba, kuma ba ya cin ko dala. Kwana 40 bayan shuka, a tona tushe biyar daga wurare dabam-dabam na gona. Da hauya za a tona, kada a fizge, don ƙullin yana tsinkewa ya zauna cikin ƙasa. A wanke, a ƙirga, a tsaga, a dubi launi. A lura da bambanci guda: ƙullin kirki a gefen saiwa yake manne, in ka murza da yatsa ya fita. In saiwar ce da kanta ta kumbura, irin yadda ake gani a tumatir, wannan tsutsar ƙasa ce, ciwo ne. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Ku rubuta sunan gona, da ranar shuka, da yawan ƙulli, da launinsa, da tiya nawa aka samu a kaka. Bayan shekara uku, littafin nan zai gaya wa garinku inda waken soya yake yi da inda ba ya yi.

Kira ga magabata

Na'urar awon gishirin ruwa da ƙasa ba ta fi alƙalami girma da yawa ba, tana shiga aljihu. Ya kamata kowane malamin gona a Ɗan Barto da Dungu da Yawuri da sauran ƙananan hukumomin gundumar Kance ya kasance da ita, ya kuma iya aiki da ita. A auna rijiyoyi da garake sau biyu a shekara, ƙarshen damana da tsakiyar bazara, a rubuta, a ajiye a ofishin noma inda kowa zai iya tambaya. Kada a raba iri ko injin ban ruwa a wani wuri sai an san makinsa. Kuma in za a yi rahoton aiki, yawan buhun irin da aka raba bai isa shaida ba, a faɗi abin da aka girbe.

Ga cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka girka a 1975, da tasharta ta Tarna a Maraɗi, da jami'o'inmu na Damagaram da Maraɗi, akwai aiki mai jiransu. A ƙasar Sin, asalin waken soya, an gano cewa a filaye masu kanwa wani jinsin ƙwaya ne dabam yake zama da shi, wanda ya fi na sauran wurare juriya. An kuma san ire-iren waken da saiwarsu ke tare gishiri ta hana shi hawa ganye. Wake da gujiya sun daɗe suna rayuwa a gefen fadamunmu, ya dace a tattaro ƙwayoyin da ke cikin saiwarsu a gwada su da waken soya, nan cikin ƙasar Ƙorama. Haka kuma dutsen jibs da ake samu a Adar, wanda ake sa wa siminti, sanannen magani ne na ƙasar da kanwa ta toshe, in an haɗa shi da wanki da magudana. A gwada shi a ƙananan filaye, a yi lissafin kuɗinsa, kafin a ce wa talaka ya saya.

Dattawan Matamaye suna tune da zamanin gujiya, lokacin da ake tara buhuna kamar duwatsu, da yadda fari da cutar 1975 suka durƙusar da ita. Sun san zafin sa rai ga shuka guda ta ba da kunya. Manomin da aka ce wa ya shuka waken soya, ya shuka a kan kanwa ya tashi hannu wofi, ba zai sake ba, maƙwabtansa ma ba za su gwada ba, ko da gonarsu ta dace. Mai tuyar awara kuwa za ta ci gaba da jiran motar da ta fito kudu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu auna ruwa, mu auna ƙasa, mu tona mu dubi saiwa tun yanzu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu ci da guminmu. Amin.